Ƙa'idojin shafukan intanet na jami'o'i: me suka ƙunsa, wa suka shafa?

A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar da wata doka da ta wajabta wa gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, har da jami'o'in da ke ƙarƙashinsu, su gyara shafukansu na intanet da manhajojinsu na waya ta yadda masu buƙata ta musamman za su iya amfani da su. Tarayyar Turai ta riga ta kafa irin wannan doka tun 2016, Birtaniya kuma ta fitar da tata a 2018. Duk inda irin wannan doka ta shigo, jami'o'i kan sake duba kundin ƙa'idojinsu na shafukan intanet baki ɗaya, daga nan kuma ruɗani yake farawa. A ce wa malami ya sauke takardun laccar da ya ɗora shekaru da dama da suka wuce. A hana ma'aikacin wani sashe canza launin shafin sashensu. A ce wa cibiyar bincike ta daina amfani da tambarin da ta zana wa kanta. Duk wanda ya tambayi dalili, amsar da zai ji ɗaya ce: ƙa'ida ce. Alhali abubuwan da ake kira da wannan suna ba iri ɗaya ba ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Abubuwa uku masu suna ɗaya

Na farko shi ne ƙa'idar abin da ake rubutawa. Ita ce ke faɗin bayanan da dole su kasance a shafin kowane kwas, kamar sharuɗɗan shiga, tsawon karatu, kuɗin makaranta, da ofishin da za a tuntuɓa. Ita ce kuma ke faɗin wanda zai rubuta, wanda zai amince kafin a wallafa, da lokacin da za a sake dubawa.

Na biyu shi ne ƙa'idar fasali: tambari, launuka, siffar haruffa, inda ake ajiye jerin maɓallan kewaya shafi, da abin da ke sama da ƙasan kowane shafi. Wannan yawanci ofishin hulɗa da jama'a ne ke riƙe da ita. Jami'a ce ta tsara wa kanta, tana kuma iya canzawa gobe in ta ga dama.

Na uku shi ne wanda ba a hannun jami'a yake ba, wato abin da doka da ma'aunin fasaha na duniya suka gindaya game da sauƙin amfani ga masu buƙata ta musamman, tsaron bayanai, da sirrin masu ziyara. Wanda ya saɓa wa ƙa'idar launi, iyakaci a aiko masa da takardar jan kunne. Saɓa wa ta uku kuwa na iya kai jami'a kotu. Yawancin gardamar da ake yi a cikin jami'o'i tana tasowa ne saboda an haɗa ukun a kundi guda, ba a bambance wa mutane wanda ke dole da wanda ke zaɓi ba.

Yadda shafukan suka yi yawa

Gidan yanar gizo a hannun masu bincike aka haife shi. Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarinsa a cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN a 1989, shafi na farko kuma ya fito ga jama'a a 1991. Jami'o'i na cikin waɗanda suka fara rungumar abin, kuma ba daga ofishin shugaban jami'a aka fara ba. Wani malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta, ko wani ɗalibin digiri na uku, zai kunna kwamfuta a kusurwar ɗakin gwaji ya ɗora shafin sashensu. Ɗakin karatu ya yi nasa, asibitin koyarwa ya yi nasa, kowace tsangaya ta yi nata, malamai kuma suka buɗe shafukan kansu.

Jami'a dama ba kamar kamfani take ba. Tsangayoyi da sassa suna da 'yancin gudanar da harkokinsu, don haka shafukan suka ɗauki kamannin wannan rarrabuwa. Babbar jami'a na iya wayar gari da ɗaruruwan shafuka masu zaman kansu, wasu ma wanda ya gina su ya kammala karatu ya tafi da kalmar sirrin. Shafin yana nan yana ba da bayani, babu mai iya gyara shi, babu ma wanda ya san yana nan sai injin bincike na Google.

Abubuwa biyu ne suka sa aka daina kawar da kai. Ɗaya shi ne wayar salula. Shafin da aka gina don faffaɗan allon kwamfuta yana zama wahala a ƙaramin allo, kuma tun daga wajen 2010 aka fara komawa ga tsarin da shafi ke daidaita kansa da girman kowane allo. Ɗayan kuma shi ne gasar neman ɗalibai, musamman na ƙasashen waje, waɗanda shafin intanet ne kaɗai abin da za su gani kafin su yanke shawara. Sai jami'o'i suka koma ga manhajojin sarrafa shafuka irin su Drupal da WordPress, inda ake gina ƙwarangwal guda, kowane sashe ya zuba bayanansa a ciki. Da zarar an samu ƙwarangwal guda, dole a rubuta dokar amfani da shi.

Ma'aunin WCAG

Ma'aunin da dokokin ƙasashe da dama ke komawa gare shi game da sauƙin amfani da shafuka ga masu buƙata ta musamman ana kiran sa WCAG. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ce ke fitar da shi, wadda Berners-Lee ya kafa a 1994. Bugu na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a 2023. Yana da matakai uku, A da AA da AAA. Matakin tsakiya, wato AA, shi ne dokoki suka fi nema. Dokar Amurka ta 2024 ta ambaci bugu na 2.1 a matakin AA ƙarara.

Ma'aunin ya tsaya a kan tambayoyi huɗu: shin mutum zai iya riskar abin da ke shafin ta gani ko ji ko taɓawa, zai iya sarrafa shafin, zai iya fahimtarsa, kuma shin na'urorin taimako za su iya karanta shi? Idan aka sauko ƙasa, sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa.

Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo da murya, irin su NVDA da JAWS da VoiceOver. Manhajar ba ta ganin hoto. Don haka kowane hoto mai ɗauke da bayani yana buƙatar ɗan rubutu a bayansa da ke faɗin abin da ke ciki. A nan ne wata tsohuwar ɗabi'ar ofisoshi ke zama matsala: a buga sanarwa a takarda, a sa hannu, a buga hatimi, a ɗauki hotonta a ɗora. Mai gani zai karanta. Makaho kuwa manhajarsa za ta ce masa akwai hoto, shi ke nan. Jadawalin jarrabawa da jerin sunayen waɗanda suka samu gurbi su ne suka fi faɗawa cikin wannan rami, kuma su ne bayanan da ɗalibi ya fi buƙata.

Kurma yana buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo. Wanda hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta yana buƙatar ya kewaya shafin gaba ɗaya da madannai kawai, ya cike fom, ya aika. Mai raunin gani yana buƙatar ya ƙara girman rubutu har ninki biyu ba tare da shafin ya wargaje ba. Game da launi kuma akwai lissafi: bambancin haske tsakanin rubutu da abin da ke bayansa dole ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 bisa 1 ga manyan haruffa. Wannan sharaɗi ne ke yawan haɗa masu kula da fasali da masu kula da doka faɗa, domin launin da jami'a ta gada a tutarta da rigar yaye ɗalibanta, misali ruwan ɗorawa a kan fari, na iya kasa cika lissafin. Haka kuma ba a yarda launi kaɗai ya ɗauki saƙo ba, kamar a ce kwasa-kwasan da aka rubuta da ja an soke su, tunda kusan namiji 1 cikin 12 ba ya bambance wasu launuka.

Akwai wani ƙaramin sharaɗi da masu harsuna da yawa za su fi kowa gane amfaninsa: dole a shaida wa na'ura harshen da aka rubuta shafi da shi, don manhajar karatu ta san yadda za ta furta. Zaɓen siffar haruffa ma yana da nasa tasirin. Idan siffar da aka zaɓa ba ta ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sunan ɗalibi zai fito da harafi ɗaya a karkace, ko da ɗan akwati a tsakiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kimanin kashi 16 cikin 100 na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata babbar nakasa. Amma masu cin moriyar waɗannan gyare-gyare sun wuce su. Rubutun ƙasan bidiyo yana taimakon wanda yake koyo da harshen da ba nasa ba, kuma shafi mai bayyanannen rubutu shi ne ake iya karantawa a waya cikin hasken rana.

Darasin Berkeley da na Harvard

Ba a saɓa a kan manufar ba. A kan kuɗi da lokaci ake saɓawa. A 2016 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta samu Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da laifin saɓa wa dokar kare masu nakasa ta 1990, saboda laccocin da take bayarwa kyauta a intanet ba su da ingantaccen rubutun ƙasan bidiyo. A 2017 jami'ar ta janye fayilolin sauti da bidiyo fiye da 20,000 daga idon jama'a, tana mai cewa gyara su zai ci kuɗi mai yawa.

Masu sukar tsaurin doka suna kafa hujja da wannan. A ganinsu an yi asarar ilimin da kowa ke samu kyauta, kuma kurman da aka yi domin su ma ba su samu komai ba. Masu kare dokar suna amsawa da cewa jami'ar ce ta zaɓi janyewa, doka ba ta umarce ta da haka ba, kuma da tun farko an sa rubutun a lokacin ɗaukar kowace lacca da nauyin bai taru ba. Suna kuma nuni da abin da ya faru a jami'o'in Harvard da MIT, waɗanda ƙungiyar kurame ta Amurka ta kai ƙara a 2015. Harvard ta sasanta a 2019, MIT a 2020, kuma dukkansu sun amince su riƙa sa rubutu a bidiyoyin da suke fitarwa ga jama'a.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma abin da shari'o'in suka nuna a fili shi ne tsadar tana cikin gyaran baya. Shi ya sa sabbin dokoki kan yi sassauci ga tsofaffin kayan da aka adana don tarihi, su tsaurara a kan sabbi da waɗanda ake amfani da su yanzu.

Wasu jami'o'i sun nemi gajeriyar hanya, wato sayen wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafi wadda masu sayar da ita ke cewa tana gyara komai da kanta. Ƙungiyoyin makafi sun daɗe suna ƙorafi a kan irin waɗannan manhajoji, kuma a 2025 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin accessiBe ya biya dala miliyan 1 saboda zuzuta abin da manhajarsa ke iya yi. Na'ura na iya gano hoton da ba shi da rubutun bayani. Ko rubutun ya faɗi abin da ke cikin hoton daidai, wannan sai mutum ya duba.

Gaskiyar abin da aka rubuta

Ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, alhali ya fi taɓa aljihun mutane, shi ne sahihancin bayani. A 2015 hukumar kula da gasa da kasuwanni ta Birtaniya ta fitar da jagora ga jami'o'i da ke bayyana cewa dokar kare masu sayayya ta shafi alaƙarsu da ɗalibai, don haka dole a ba mai neman gurbi cikakken bayani kan kwas da kuɗinsa kafin ya yanke shawara. A 2017 hukumar sa ido kan tallace-tallace ta ƙasar ta umarci jami'o'i shida su janye wasu iƙirari da suka yi game da matsayinsu a jerin jami'o'i, saboda ba su da hujjar da ta isa. A Amurka kuma wata doka ta 2008 ta wajabta wa kwalejojin da ke karɓar tallafin ɗalibai daga gwamnatin tarayya su sa ma'aunin lissafi a shafinsu, wanda zai nuna wa iyali kimanin abin da za su biya bayan an cire tallafi.

Ma'anar wannan ita ce abin da ke shafin jami'a alkawari ne. Idan shafin tsangaya ya ce sharuɗɗan shiga kaza ne, shafin ofishin ɗaukar ɗalibai ya ce wani abu daban, wani zai biya kuɗin fom a banza. Maganin da ƙa'idoji masu kyau ke bayarwa shi ne kowane bayani ya zauna a wuri guda, sauran shafuka su riƙa nuni zuwa gare shi maimakon kwafa. Kuma kowane shafi ya kasance yana da mai shi, mutum mai suna da ofis, da ranar da za a sake duba shi. Shafin da ya wuce ranarsa ba a duba ba, a sauke shi ko a rubuta a samansa cewa tsohon bayani ne.

A nan ne kundi da yawa ke da rauni. Za a tarar da shafuka masu yawa a kan tazarar da za a bari a gefen tambari, amma layi biyu kacal a kan wanda zai sabunta kuɗin makaranta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: dokar tambari ana rubuta ta sau ɗaya, sabunta bayani kuwa aiki ne na kullum da ke buƙatar ma'aikaci da albashi.

Shafin farko ma fagen ja-in-ja ne. Hukumar jami'a tana son jawabin shugaba da hotunan sabbin gine-gine da labarin lambobin yabo. Mai ziyara kuwa galibi yana neman jerin kwasa-kwasai, ranar rufe karɓar takardu, kuɗin da zai biya, da lambar da zai kira a ɗauka. Ƙididdigar masu ziyara, wadda kowace jami'a ke iya dubawa, ita ce ke raba wannan gardama idan an yarda a dube ta.

'Yancin malami da ikon hukuma

Malamai da yawa suna ɗar-ɗar da ƙa'idojin da ke fitowa daga tsakiya. Suna cewa shafin malami wani ɓangare ne na aikinsa na ilimi, kuma idan sai ofishin hulɗa da jama'a ya amince kafin a wallafa, to an buɗe ƙofar tace ra'ayi. Suna ƙarawa da cewa ƙwarangwal ɗin da aka gina don jawo ɗalibai bai dace da shafin da ke cike da lissafi ko tarin bayanan bincike ba, kuma duk lokacin da aka sake fasalin gidan yanar gizo, adireshin tsofaffin maƙaloli kan mutu, masu bincike a wasu wurare su nema su rasa.

Masu gudanarwa kuma suna cewa duk abin da ke ƙarƙashin adireshin jami'a, jami'a ce za ta amsa tambaya a kansa. Tsohon shafin da ba a sabunta manhajarsa ba ƙofa ce ga masu kutse, waɗanda ke son adireshin jami'a saboda amincin da mutane da injunan bincike ke ba shi.

Matsayar da jami'o'i da dama suka cimma ita ce raba shafuka gida biyu. Waɗanda ke magana da yawun jami'a suna bin dukkan ƙa'idoji. Na malamai da ƙungiyoyin ɗalibai ana barin su da ra'ayinsu da fasalinsu, amma sharuɗɗan tsaro da na masu buƙata ta musamman suna hawa kansu. Inda ake ci gaba da jayayya shi ne kayan koyarwa, domin gyara ɗaruruwan takardun PDF aiki ne da ke faɗawa kan malami, kuma ba kowace jami'a ke ba shi horo ko mataimaki ba.

Adireshi da sirri

Adireshin da ke ƙarewa da .edu an keɓe sabbin rajistarsa ga manyan makarantun Amurka da aka tantance, ƙungiyar Educause ce kuma ke kula da shi tun 2001. Wasu ƙasashe suna da nasu, kamar ac.uk na Birtaniya da edu.ng na Najeriya. Ƙa'idar da ke hana sassa buɗe shafuka a wajen adireshin jami'a tana kare mai neman gurbi daga 'yan damfara masu kwaikwayon shafin biyan kuɗi. Tun daga Yulin 2018 manhajar Chrome take yi wa duk shafin da ba shi da kariyar HTTPS alamar rashin tsaro, a watan Mayun shekarar kuma dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, ta fara aiki. Daga nan fom ɗin da ke karɓar sunan mutum da lambar wayarsa ya zama dole, a inda dokar ta shafa, ya faɗi dalilin karɓa da abin da za a yi da su.

Abin da zai canza ga mai amfani

Mai neman gurbi da iyayensa za su ga sanarwa a rubuce cikin shafi a maimakon hoton takarda, wanda ke buɗewa da sauri kuma ba ya cin data sosai. Wasu tsofaffin bidiyoyi da takardu za su ɓace na ɗan lokaci ko har abada. Malami zai ɗauki ƙarin lokaci wajen shirya kowace takarda, ko da yake wanda ya saba amfani da tsarin kanun rubutu da ke cikin Word ya riga ya yi rabin aikin. Ma'aikacin da aka ɗora wa shafin sashe a matsayin aikin gefe zai buƙaci horo, kuma jami'ar da ta fitar da kundi ba tare da ware kuɗin horon ba za ta ga shafukanta sun koma yadda suke.

Ƙananan jami'o'i masu ƙaramin kasafi su ne za su fi jin nauyin, sai dai mafi yawan gyaran farko ba ya buƙatar sayen komai: rubuta bayanin hoto, daina ɗora hoton takarda, sa kwanan wata, da sauke shafukan da ba su da mai su.

Mai karatu na iya gwada kowane shafi da kansa cikin 'yan mintoci. Ya ajiye linzami ya riƙa danna maɓallin Tab, ya ga ko zai kai ga fom ɗin neman gurbi ya cike shi. Ya ƙara girman rubutu ninki biyu. Ya duba ko shafin kuɗin makaranta yana ɗauke da zangon karatun da yake magana a kansa da ofishin da ke da alhakinsa. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta kuma wajabta wa hukumomin gwamnati su wallafa bayani kan sassan shafinsu da ba su cika ma'auni ba tukuna, tare da hanyar da mutum zai bi ya kai ƙorafi ko ya nemi a ba shi bayanin ta wata siga da zai iya amfani da ita.